Motar Da Ta Kai Gulmata

"Me kike zuwa yi asibitin Jahun duk Laraba, Munira?"

A ƙofar gidanmu muke tsaye ni da Zuhair, ana saura 'yan kwanaki ɗaurin aurenmu, akwatunan lefena jibge a ɗakin Umma.

"Wa ya ce maka ina zuwa Jahun?"

Wayarsa kawai Zuhair ya miƙo mini. Taswira ce, ga wani jan layi ya tashi daga Dutse, ya je Miga, ya juyo ya tsaya cak a asibitin nan da kowa a Jigawa ya san abin da ke kai mata cikinsa, yoyon fitsari.

Motata ce. Tafiyata ce, a tafin hannunsa!

Lokacin da na sayi 'yar motar nan, shi ya karɓi takardun ya ce zai yi mini inshora. Ya dawo da makanike, aka maƙala wata baƙar na'ura kamar kwalin ashana a ƙarƙashin sitiyari.

"Ta kamfanin inshora ce, hasken idona," ya ce da ni a ranar. "Gudu take aunawa da taka birki. In kina tuƙi a natse su yi miki rangwame, ni kuma hankalina ya kwanta. Ke fa in kika hau titin Kiyawa kamar an biyo ki."

Har dariya na yi, don gaskiya ƙafata tana da nauyi a kan totur. Har cewa na yi wannan shi ne miji mai kula. Ashe lambar wayarsa ya bayar a wajen rajista.

"Ba ni na fara gani ba," ya ce yanzu, murya ƙasa-ƙasa. "Adawiyya ce."

Adawiyya! 'Yar gwaggonsa da ke aiki a kamfanin, wadda tun da aka sa mana rana ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.

"Ta kai wa Hajiya. Hajiya kuma ta ce... ta ce budurwa ba ta wannan ciwon sai in ta taɓa haihuwa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Cikin shege mahaifiyarka ta ɗaura mini?"

"Ni ban ce ba, Munira..."

"Ba ka ce ba, amma ka tambaya! Tun yaushe kake bibiyata a wayar nan?"

Ya mayar da wayar aljihu.

"Zuhair, tun yaushe?"

"Tun ranar da aka saka. Wallahi tsoron hatsari nake."

"Hatsari? Ranar da na ce maka ina gidan kitso, hatsari ka duba ko gidan kitson?"

Ya sunkuyar da kai. Wallahi da a ce marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ki faɗa mini gaskiyar kawai, rabin raina, in je in wanke ki wajen Hajiya."

"Sirrin ba nawa ba ne," na ce, na shige gida na banko ƙofa.

Sirrin na Yaya Fiddausi ne, 'yar wan Babana da ke aure a Miga, wadda ta goye ni ina ƙarama. Doguwar naƙuda ta yi, ɗan bai zo da rai ba, ita kuma ta tashi da lalurar. Daga ita sai mijinta Idirisu sai ni muka sani. An yi mata aiki, ni ke kai ta a duba ta, a gari kuwa cewa ake tana zuwa taya ni shirin biki. Ƙosai take sayarwa a bakin tasha. Ranar farko ta riƙe hannuna tana kuka.

"Amana ce, Munira. In mutanen Miga suka ji, babu mai ƙara cin abin da hannuna ya taɓa."

To, da wane bakin zan faɗa?

Kafin ka ce kwabo magana ta zaga dangi. Masu karɓar anko suka ɗauke ƙafa. Umma ta yi kuka, ta yi lallashi, ta yi faɗa, na kafe. Ina son Zuhair, Allah Ya sani, son da ke hana ni cin abinci. Amma ba zan sayi aurena da mutuncin yayata ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne gulma ma tana hawa mota ta je Miga.

Da hantsi Idirisu ya kira ni. "Yayarki ta hau bas ta nufi gidan surukanki. Na hana ta, ta ƙi!"

Ko da na isa, aikin gama ya gama. Falon Hajiya cike da mata, Adawiyya na tsakiya. Yaya Fiddausi na tsaye a bakin ƙofa, ta ƙi zama a kujerarsu, katin asibiti a hannunta.

"Ni ce mai ciwon," take cewa. "Yarinyar nan ɗauka ta kawai take yi. Ku bar mata aurenta."

Da idona na ga wata a cikinsu ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Matar da ta warke, fes da ita, sai ƙamshin humra take! Wata kuma har ta fara latsa waya.

"Ki yi haƙuri 'yata, sharrin shaiɗan ne," in ji Hajiya. "Biki yana nan daram."

Na kama hannun Yaya muka fito. Zuhair ya biyo mu da sauri, fuskarsa cike da fara'a.

"Alhamdulillahi, Munira! An wanke ki!"

Na tsaya na dube shi.

"An wanke ni? Da me aka wanke ni, Zuhair? Dube ta! Gobe wa zai sayi ƙosanta?"

"Adawiyya ce ta..."

"Adawiyya ta leƙa, amma kai ka buɗe mata tagar!"

Daga nan gareji na wuce, aka ciro mini baƙar na'urar. Ina tsaye saƙon kamfanin ya shigo, wai suna taya ni murna, tuƙina na ranakun Laraba babu kamarsa, ba gudu, ba birkin gaggawa. Na yi dariyar takaici har hawaye. Ai dole! Ko rami na gani lallaɓa shi nake saboda ɗinkin da ke jikin Yaya.

Na zayyane wa mahaifina, Baba Malam, komai a zaure. Ya ajiye carbinsa.

"Allah da kansa Ya hana bin diddigin asirin mutane," ya ce. "Me kike so, uwata?"

"A mayar musu da kayansu, Baba."

Da hannuna na buɗe babban akwatin lefen, na ɗora na'urar a kan atamfar sama, na zuge. Sannan na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Da la'asar na ɗauki Yaya Fiddausi zan mayar da ita gida. Mun wuce Kiyawa wayata ta ɗau ruri. Na sauka gefen titi na tsaya tukun, sannan na ɗaga.

"Munira..." Muryar Zuhair ce. "An kawo akwatunan. Na je gida ba kya nan. Don girman Allah, ina kike?"

"Yau ne karon farko da ka yi mini tambayar nan ba tare da ka san amsarta ba."

Na kashe wayar, na share idona, na sa sigina na hau titi.

"Ki bi a hankali, ƙanwata," in ji Yaya.

A hankalin na bi har Miga, babu mai kallona sai Allah.