Sunan da Aka Sace wa Mufida

Rana ta take tsaka a bakin iyakar Jibiya, manyan motoci sun yi layi tun daga shingen kwastan har inda ido ya gaza, sa'ad da wani mai babur ɗauke da jarkokin fetur ya bangaji Mufida ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Bokitin kunun zaƙin da ke kanta ya kife, ƙasa ta shanye kunun nan take. Gwiwarta ta kurje tana jini, amma ba ta ko dube ta ba. Kunun take kallo, domin ta san abin da ke jiran ta a gida: ranar da aka yi ɓarin talla, ba ta da tuwo. Wani direba ɗan Maraɗi ya leƙo ta tagar motarsa ya ce, "Wayyo ɗiya! Sannu. Ke ko lakwal, makarantar boko, ba a sa ki ba?" Mufida ta ɗauki bokitin ta kama hanya tana ɗingishi, hawaye na bin kumatunta.

Shekarunta goma sha uku. Mahaifinta Maharazu direban babbar mota ne, mai ɗaukar hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi, mutum ne da 'yan kasuwa ke ba shi kaya ba tare da sun ƙirga buhu ba. Haɗari ya rutsa da shi a hanya, aka kawo gawarsa. Shekara ba ta zagayo ba mahaifiyarta Mariyamu ta bi shi. Sai ƙanen mahaifin, Baffa Kalilu, wanda shi ma direba ne, ya kwaso iyalinsa ya tare a gidan marigayin, wai don ya riƙe marainiya. Tun daga ranar ɗakin uwarta ya zama na matar Baffa, ita kuwa aka shimfiɗa mata tabarma kusa da madafa. Mutum ɗaya ne ke mata fara'a a gidan, 'yar Baffan, Mutmainna, sa'arta, wadda ke ɓoye mata ƙanzo a cikin mayafi.

A bayan gari akwai makarantar kwana ta 'yan mata mai zaman kanta, Rumbun Ilimi, wadda wata tsohuwar malama, Malama Salmatu, ta kafa. Makaranta ce ta masu hali, kuma hakan ya daɗe yana damun mai ita. Sai wata shekara ta ɗauki jaka ta shiga gari. Ta je kasuwar hatsi, ta je kara wurin masu dabbobi, ta je tashar mota, ta je wurin maɗinka, har zumuntar matan coci ta ƙauyukan gefe ba ta bari ba. Maganarta ɗaya ce a ko'ina: "Ba sai kuɗi ba. Kowa ya kawo abin da hannunsa ke riƙe da shi, mu ɗauki marayu goma duk shekara." Masu hatsi suka yi alkawarin tiya ɗaya a kowace ranar kasuwa, maɗinka suka ɗauki ɗinkin kayan makaranta, mahauta suka ce nama ranar Juma'a nasu ne, direbobi kuma su kawo itace su yi jigilar yara kyauta. Aka kafa kwamiti, kowace ƙungiya ta ba da wakili. Direbobi suka tura Kalilu, ba don halinsa ba, sai don darajar yayansa.

Mufida da Mutmainna sun gama firamare tare, suka zauna jarrabawar shiga Rumbun Ilimi rana ɗaya, cikin yara fiye da ɗari biyu. Bayan mako uku Baffa ya shigo gida ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ke Mufida, kin faɗi. Sai ki riƙe tallarki da kyau. Mutmainna kuwa zan ƙuƙuta in biya mata da gumina." Mufida ta san abin da ta rubuta, ta san babu tambayar da ta gagare ta... amma wa zai yi gardama da ɗan kwamiti? Ta taya 'yar'uwarta ninke kaya, ta raka ta har bakin mota. Mutmainna ta ƙanƙame ta tana kuka mai tsanani, kukan da ya fi ƙarfin na rabuwa. Mufida ba ta gane dalilinsa ba sai bayan wata uku.

Da aka yi hutu, aka zube mata kayan makarantar Mutmainna ta wanke. Tana lalube aljihun riga sai hannunta ya taɓo ɗan katin shaida. Hoton Mutmainna ne a jiki, da farin hijabi. A ƙarƙashin hoton an rubuta: Mufida Maharazu, marainiya, gurbin tallafi.

Ta karanta sau uku. Sabulu ya sulɓe daga hannunta.

"Mutmainna... mine ne wanga?"

Mutmainna ta durƙushe a bakin rijiya. "Ke kika zo ta ɗaya, Mufida. Ke! Baba ne ya karɓo takardar. Ya ce in na faɗa ma kowa bai yafe mani ba duniya da lahira. Wallahi ban so ba..."

Da Baffa ya dawo daga tasha, Mufida ta tsuguna a gabansa, ta sunkuyar da kai. "Baffa, don Allah, don darajar ɗan'uwanka da ke ƙasa. Ɗakin Inna na bar maku, tallar ma zan ci gaba da yi duk hutu. Sunana kawai nake roƙo a maido mani." Amsar da ta samu mari ne wanda ya kai ta ƙasa. "Ni za ki yi ma sharri? Ni da nake ci da ke?" Washegari ta taka da ƙafa har makarantar, ta tarar da ƙofa a kulle, kowa ya tafi hutu. Labari ya kai wa Baffa. Kafin magariba ya gama zaga unguwa yana girgiza kai, yana cewa tun mutuwar iyayenta yarinyar nan ta samu taɓuwa, ga shi har ta fara ganin sunanta a jikin kayan mutane. Mata suka yi ta "Allah sarki!", yara suka fara nuna ta da yatsa. Kwana biyu bayan haka ya ɗora ta a bayan babur, aka kai ta ƙauyen Mazanya wurin kakarta ta wajen uwa, Hasiya, tsohuwar da idanunta suka fara yin hazo.

Kaka Hasiya ta saurari labarin har ƙarshe, ta shafa fuskar jikarta ta ce, "Ke ba mahaukaciya ba ce, ɗiyata. Na yarda da ke." Akuya ɗaya gare ta, ta sayar da ita, suka yi kuɗin mota zuwa Jibiya. Suka samu wani dattijo ɗan kwamiti a rumfarsa, tsohuwa ta fara bayani tana haɗawa da kuka. Dattijon yana cikin awo, bai bari ta kai ƙarshe ba ya ce, "Iya, maganar marayun direbobi ai wakilinsu ke da ita. Ku tahi wurin Malam Kalilu, mutumin kirki ne, zai share maku hawaye." Haka suka koma Mazanya, ba akuya, ba magana. Damina ta faɗi, Mufida ta shiga ƙwadago a gonakin mutane don su samu na tuwo. Zazzaɓi ya kwantar da kakar wata guda, katangar ɗakinsu ta zube da ruwan sama. Duk sallah tsohuwar takan ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, ba mu da kowa sai Kai. Kai ka ga abin da aka yi ma marainiya..." Mufida ta ce amin, ta ɗauki fartanya.

A can makaranta, malamai sun yi ta mamakin yadda yarinyar da ta zo ta ɗaya ta koma tsakiyar aji, kullum a rame, ba ta wasa da kowa. Suka ɗauka ciwon maraici ne, suka ƙara ja ta a jiki. Wannan tausayin shi ya fi komai ƙona Mutmainna. Duk wanda ya ji sunan da take amsawa sai ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinki," ita kuma dole ta ce amin. Sau ɗaya aka ce mata Baffa Kalilu na kwance ba lafiya, ta yini tana kuka a bayan aji, tana tsoron ko amin ɗinta ce ta kama shi.

Ƙarshen shekara makarantar ta shirya taron godiya ga masu tallafi. Aka kafa rumfuna da hantsi, masu hatsi da mahauta da maɗinka da direbobi suka cika fili, 'yan kwamiti a sahun gaba, Kalilu a cikinsu da babbar riga sabuwa. Malama Salmatu ta kira yarinyar da ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga don ta yi godiya a madadin sauran. Mutmainna ta fito tana jan ƙafa. Kafin ta buɗe baki, Hajiya Abu, shugabar mata masu hatsi, ta miƙe ta karɓi abin magana.

"Jama'a, wagga ɗiyar Maharazu ce! Shekara tara yana ɗaukar mani kaya, ko ƙwayar gero ban taɓa rasawa ba. Ɗiyata, kafin komai, ɗaga hannu ki yi ma ubanki addu'a da bakinki. Ki ce Allah ya haskaka kabarinsa, mu ce amin."

Ɗaruruwan hannuwa suka tashi sama. Mutmainna ta dubi sahun gaba. Ga mahaifinta zaune, shi ma ya ɗaga hannu, yana yi mata alama da ido ta yi sauri. Ta buɗe baki. "Allah ya has... Allah ya..." Sai ta fashe da kuka wanda lasifika ta kai har bakin titi.

"Ba zan iya ba! Ubana bai mutu ba, ga shi nan zaune! Ni ba Mufida ba ce, sunana Mutmainna Kalilu. Mufida na Mazanya tana noman ƙwadago, kuma lafiyarta lau, ba ta da hauka. Ita ta ci jarrabawa... Baba, ka yafe mani, ba zan iya binne ka da bakina ba!"

Salati ya ɓarke ta ko'ina a filin. Kalilu ya miƙe yana cewa yarinyar ce ta ruɗe, amma shugaban direbobi ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi. Dattijon nan na rumfa ya rufe fuska da hula, don ya tuna tsohuwar da ya sallama. Malama Salmatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "A ba ni mota." Direbobi uku suka miƙe a tare.

Sun tarar da Mufida a gonar wani, ƙafafunta cikin laka. Aka zo da ita da kakarta, taro bai watse ba. Don kada a bar wa kowa abin faɗa, aka zaunar da ita a teburi gaban kwamiti, aka ba ta sababbin tambayoyi. Shekara guda rabonta da biro, yatsunta duk kanta, amma kafin la'asar ta gama. Aka ɗauko tsohuwar takardar jarrabawa aka ajiye kusa da sabuwa: rubutun hannu ɗaya ne. Hajiya Abu ta rungume ta tana kuka. "Mun ba da tiya mun koma gida, ba mu taɓa zuwa mun ga fuskar wadda muke ciyarwa ba. Ki yafe mana, ɗiyar Maharazu."

A ranar aka cire Kalilu daga kwamiti, ƙungiyar direbobi ta kore shi daga tasha. Magana ta kai gaban alƙali, aka tilasta shi ya fita daga gidan marigayin, aka damƙa riƙon Mufida a hannun kakarta, suka tare a ɗakin Mariyamu. Kwamiti ya kafa doka: ba a ƙara ba yarinya gurbi sai wakilai uku daga ƙungiyoyi daban-daban sun je gidansu sun gan ta ido da ido. Da aka zo batun korar Mutmainna, Mufida ta roƙa mata. "Ita ta ciyar da ni lokacin da ba kowa, kuma ita ta faɗi gaskiya." Madam Susanna, wakiliyar matan coci, ta ce zumuntarsu za ta ɗauki rabin nauyinta, Hajiya Abu ta ɗauki sauran. Yaran biyu suka zauna benci ɗaya, kowa da sunanta.

Kalilu kuwa babu mai ba shi mota. Dako ya koma yi a bakin iyaka, yana sauke buhuna daga motocin da a da yake tuƙa irinsu. Wata safiya ta hutun farko, Mufida ta rako kakarta asibiti a duba mata ido, suka ci karo da shi da buhun masara a wuya. Ya kau da kai zai wuce. Mufida ta saki hannun tsohuwar, ta rusuna har ƙasa cikin farin hijabinta.

"Baffa, ina kwana? An tashi lafiya?"

Ya tsaya cak. Buhun ya zame daga wuyansa ya fashe, masara ta watsu a kan kwalta, ya tsuguna yana tattarawa da hannu biyu, hawaye na ɗiga a kanta. Mufida ta taya shi tarawa har ƙwayar ƙarshe, sannan ta kama hannun kakarta suka ci gaba da tafiya.