Babur Ɗin Da Dogo Ke Turawa

Da hantsi ne, ranar da ba a fita aiki. Auta na zaune a bakin gado ta zuba tagumi, labulen taga a sake kamar yadda yake tun ranar da ta dawo daga asibiti hannu rabbana. Shayin da mijinta ya haɗa mata ya huce, ko kurɓa ba ta yi ba. A saman durowa akwai jakar kayan jariri, an tura ta can baya, amma duk wanda ya shigo ɗakin sai idonsa ya kai wurin.

Mijin nata, Dogo, ya shigo yana sunkuyar da kai saboda ƙofar ta yi masa gajarta. Bakaniken babura ne, irin wanda ko ya wanke hannu da sabulu sai an ga baƙin mai a ƙarƙashin farcensa. Ya zauna kusa da ita, ya miƙo waya.

"Madam, matso ki ga tsari. Wikend ɗin nan mai zuwa sai mun sha iska!"

Ya buɗe taswira, yana bin hanya da yatsa.

"Da sassafe za mu fita. Ba ruwanmu da babban titi, tireloli sun yi yawa. Ta bayan layin dogo za mu bi, mu hau hanyar duwatsun nan mai kwana-kwana. Kin ga nan? Madatsar ruwa ce, a nan za mu tsaya mu huta. Gaba kaɗan akwai inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, an ce in kin tsaya kusa ko maganar kanki ba za ki ji ba. Akwai masauki a wurin, mu kwana, washegari mu dawo ta hanyar da bishiyoyi suka rufe. Ya kika gani?"

"Ya yi kyau," in ji Auta, ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba.

"Har sit ɗin baya na ƙara wa soso, saboda bayanki."

Gaskiyar magana, ba abin da Auta ke tsoro yanzu kamar babur. Ko ƙararsa ta ji a layi sai ta toshe kunne. Lokacin da cikinta ya tsufa, wata rana Dogo ya ɗauke ta zuwa awo bayan an ɗauke ruwan sama, suka faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ba su faɗi ba, girgiza ce kawai. Bayan 'yan kwanaki naƙuda ta zo, yaron ya zo babu rai. Likita ta yi musu bayani dalla-dalla cewa hawan jini ne, ba ramin ba, amma bayanin ta bayan kunnen Dogo ya bi.

Tun daga ranar bai sake tayar da babur ɗin ba. Kullum da safe Auta na leƙensa ta gefen labule: zai fito da shi, ya kama kan, ya tura shi da ƙafa har gareji, da yamma ya turo shi gida. In maƙwabta suka tambaya sai ya ce, "Fulogi ne." Bakanike guda, mai gyara na kowa, wai fulogi ya gagare shi! Ita kaɗai ta san abin da ya gagare shi. Wannan tafiya ita ce karo na farko da ya yi maganar hawa, kuma Auta ta san in ta ce ba za ta hau bayansa ba, tamkar ta ce masa ne shi ya kashe ɗansu.

Suna cikin haka aka yi sallama. Inna ce, mahaifiyar Dogo, tare da babbar 'yarta da kowa ke kira Yaya. Auta ta durƙusa ta gaishe su, ta kawo ruwa. Inna ba ta ko dubi ruwan ba, idonta na kan hulunan kwano biyu sababbi da ke kan kujera.

"Waɗannan fa? Sana'ar kwanuka aka koma?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Inna, dama ina shirin zuwa in gaya miki. Wata 'yar tafiya ce za mu yi, ta ɗan ga gari, ko zuciyarta ta yi sanyi."

"A kan me?"

"A babur."

"A babur!" Inna ta tafa hannu. "Innalillahi! Babur ɗin da ya ci min jika? Kabarin yaron nan ko bushewa bai gama yi ba, kuna shirin yawon buɗe ido a kan abin da ka jijjige shi da shi har ya mutu?"

Auta ta ga yadda fuskar mijinta ta sauya, kamar an watsa masa ruwan sanyi.

Yaya ta taɓe baki. "Ai ba laifinsa ba ne, Inna. Ita ce uwar son yawo. Tun suna amare — ɗauke ni, kai ni, sauke ni. Mace da tsohon ciki ba za ta zauna a ɗaki ba!"

"Yaya, awo fa muka je!" Dogo ya ɗaga murya. Bai taɓa yin haka a gaban Inna ba.

Inna ta juya ga Auta. "Ke, ɗago ki dube ni. Faɗa min da bakinki, kina son tafiyar nan?"

Kalma ɗaya ce za ta wanke ta a wurin surukarta, kuma kalmar gaskiya ce. Auta ta saci kallon Dogo. Ya ƙura mata ido, ko numfashi ba ya yi.

"Ina so, Inna," ta faɗa, hawaye na zubo mata.

"To madalla! Kin ji ko, Yaya? Tana so!" Inna ta miƙe, ta zare makullin babur daga ƙusar da ke bayan ƙofa, ta ƙulle shi a bakin mayafinta. "Kai kuma, ranar da ka tayar da abin nan da yarinyar nan a bayanka, kada ka sake tako min gida. Na gama magana."

Kowa ya san bakanike ba ya buƙatar makulli. Waya biyu zai haɗa, inji ya tashi. Inna ma ta sani sarai, ba ƙarfen ta ɗauke ba, yardarta ta ɗauke.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Auta nauyi. In ta kira Inna don gaisuwa, wayar ta yi ta ringin har ta katse. Dangin miji suka ɗauke mata ƙafa, wanda ta haɗu da shi a hanya kuwa sai ya amsa gaisuwarta da hanci. Labari ya zaga cewa ta mallake Dogo har yana yi wa uwarsa tsawa. Duk ta shanye, ba ta kai ƙara gidansu ba, ba ta kuma faɗa wa mijinta ko ɗaya ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne shirun da ya koma yi. Ya cire sabon soson da ya ƙara wa sit ɗin ya jingine a bayan ƙofa, hulunan kwanon ya tura su ƙarƙashin gado.

Wata rana da la'asar ya dawo, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

"Na goge taswirar," ya ce. "Inna ta yi gaskiya. Ni ne, na ga ruwan, da ma na rage gudu."

"Haba, don Allah ka daina! Ba ka ji abin da likita ta ce ba?"

"Likita tausayina ta ji." Ya share fuska da tafin hannu. "Auta, ina ga gara ki je gida ki ɗan huta. Kullum in na dube ki sai in ga abin da na jawo miki. Kin cancanci wanda ya fi ni."

Ta san irin wannan hutun, da yawa daga cikinsa ba a dawowa. Ba faɗa suka yi ba, ba ƙiyayya, amma ga aurenta yana zamewa daga hannunta tana kallo. Ta yi kuka har kanta ya yi ciwo.

Washegari, bayan ya tura babur ɗinsa ya fita, ta sa mayafi ta nufi gidan Inna. Ta tarar da ita a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta durƙusa, ta daɗe a durƙushe kafin a amsa mata.

"An zo karɓar makulli ne?"

"A'a, Inna. Alfarma ɗaya na zo roƙo. Ki raka ni gareji, ko magana ba sai kin yi ba. Daga nan in kin ce in tafi gidanmu, wallahi zan tafi."

"Me zan gani a gareji, ni da ban san kan inji ba?"

"Ɗanki za ki gani, Inna."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. Yarinyar ta rame, duk wuya ya fito. Ta yi tsaki, amma ta jawo takalmanta.

Garejin rumfar kwano ce, ƙasa ta yi baƙi da mai, ga tayoyi a rataye. Mai garejin, wanda suke kira Oga, shi ya fara hango su, ya taso yana goge hannu da tsumma.

"A'a, Inna da kanta! Sannu da zuwa. Gara da kika zo, ki yi wa ɗanki faɗa. Ya bar kanikanci ya koma kiwon babur! Kullum ya jawo shi kamar akuya, ya ɗaure, da yamma ya kora shi gida. Ko gwajin na kwastoma ba ya yi, sai dai ni in hau."

"Ai makullin na wurina," in ji Inna.

"Wane makulli? Ai tun rasuwar nan ne, Inna. Tun daga lokacin ƙafarsa ba ta taɓa kik ɗin tayar da inji ba."

Inna ta waiga tana neman ɗanta. Dogo ya taso daga bayan wani babur, sifana a hannu, ya durƙusa.

"Kai, gaskiya ne abin da nake ji?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba na iyawa, Inna. Da na kama kan zan hau sai in ga ramin."

"To wa ya ce maka kai ka kashe shi? Rai ba a hannun Allah yake ba?"

"Ke kika faɗa, Inna."

Ba da tsiwa ya faɗa ba, a hankali ya faɗa, shi ya sa ta fi shiga. Inna ta nemi benci ta zauna. Ta juya ga Auta.

"Ke kuma da kika ce kina so?"

"Tsoron babur nake kamar raina zai fita, Inna. Amma in na ƙi hawa bayansa, na tabbatar masa da abin da ke cinsa. Gara ki tsane ni da in yi masa haka."

Dogo ya ɗago ya dube ta, baki buɗe. Sifanar ta suɓuce daga hannunsa.

Inna ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza. "Wayyo ni! Zafin rashin jikana ne ya sa na nemi wanda zan ɗora wa, ashe ɗana nake yankawa. Ke kuma kika tsaya a tsakani kina shan zagi. Ki yafe min, 'yata."

Ta kwance bakin mayafi da haƙori, ta miƙa wa Dogo makullin. "Tashi ka tayar."

Ya karɓa ya sa makullin. Ya buga kik, shiru. Ya sake bugawa, inji ya yi tari ya mutu.

"To, yau kam fulogin ne da gaske!" in ji Oga, har Auta sai da ta yi dariya cikin hawaye.

Aka kwance fulogi aka goge, aka zuba mai. Bugu na gaba babur ya ɗauka, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Inna ta tattare zaninta.

"Ni za ka fara kaiwa gida. Kuma saura ka yi min tafiyar hawainiya, ina da shinkafa a tire."

Auta ta tsaya tana kallonsu har suka sha kwana, tsohuwar ta riƙe rigar ɗanta gam.

Tafiyar ba ta yiwu a wancan wikend ɗin ba, sai na gabansa. Inna ce da kanta ta ɗaure wa Auta igiyar hular kwano, Yaya kuma ta aiko da lemo a leda, wanda a wurinta ban haƙuri ne babba. A hanyar duwatsu Auta ta runtse ido a kwanar farko, a ta biyu ta buɗe ɗaya. Duk ramin da suka tarar sai Dogo ya rage gudu ya ce, "Kin shirya?" ita kuma ta ƙara riƙe shi ta ce, "Mu je." Da suka isa inda ruwa ke zubowa daga dutse, suka zauna a gefe, suka yi kukan ɗansu tare, karo na farko, ƙarar ruwan ta rufe musu asiri.

Rashi in ya sauka a gida, kowa da inda yake masa ciwo, kuma mafi sauƙi shi ne a nemi wanda za a nuna da yatsa. Sai dai wanda aka nuna ɗin galibi ya riga kowa hukunta kansa. Haƙurin Auta bai dawo mata da ɗanta ba, amma ya dawo mata da mijinta, ya ƙara mata da uwa. Da suka dawo gida, ita ce ta fara shiga ɗaki, ta ɗage labulen taga.