Mai Tsohuwar Rijiyar Bayan Gari

Magariba ta kawo kai, Sabera tana gasa gurasar roti a tsakar gidansu da ke gefen garin Bharuch, sai dutse ya faɗo ya raba kaskon biyu. Na biyu ya fasa mata goshi. Ta leƙa waje jini na zuba, babu kowa, sai hayaƙin masana'antu kwance a kan gonakin auduga.

Kwana bakwai ana jifa. Ran na takwas 'yarta Rukhsar, mai shekara goma sha ɗaya, ta miƙe daga kan abinci, ta kama hannun ubanta Ilyas ta murɗe har ƙashi ya ce ƙas. Ilyas direban tanka ne, ƙato guda, amma ihu ya yi kamar akuya a hannun mahauci. Sabera ta ji tsoron 'yar da ta haifa, ta kuma ji kunyar wannan tsoro.

Aka ɗauko Hafiz Gulam, tsoho mai ruƙiyya. Maza huɗu suka danne yarinyar tana buga kai da ƙasa. Hafiz ya sa aka taro ruwa a famfon gida, ya tofa ayoyi, ya kai bakinta.

Dariyar namiji ta fito daga ƙirjinta.

"Ɗura mata, Malam Hafiz! Ruwan nan ne ya kashe mini 'ya'ya uku."

"Wane ne kai?" in ji Hafiz.

"Mai tsohuwar rijiyar bayan gari. Tambayi mai karyayyen hannun nan, in aka ba shi dagwalon masana'anta ya kai wurin ƙonawa, ina yake juyewa?"

Ilyas ya sunkuyar da kai. "A rijiyar nake juyewa, gubar asid ce, ta fulorin. Hanyar ce da nisa. Kowa ma haka yake yi."

"Faɗi buƙatarka ka fita," in ji Hafiz.

"Ya kwashe abin da ya zuba, in koma gidana."

"Ba ya kwasuwa," Ilyas ya ce. "Ba ya ruɓewa. Ya riga ya bi ƙarƙashin ƙasa."

Yarinyar ta juyo da jajayen idanu kan uwarta.

"To na tafi, Sabera, ba don karatun tsohon nan ba. Ramuwa na zo yi, na tarar an riga ni. Abin da ya kore ni daga rijiya yana cikin jininta. Ni ana yi mini karatu in fita. Shi kuwa, ki nemo mai fitar da shi."

Jikin Rukhsar ya saki. Mazan suka ja da baya suna hamdala. Ta buɗe ido, leɓɓanta a tsattsage, ta miƙo hannu.

"Ammi, ƙishirwa nake ji."

Sabera ta tsaya a tsakar gida, ta rasa inda za ta ɗebo.