Hayaƙi a Tagar Baba

Ta tagar bas ta hango su.

Auta na tsaye, hannu ɗaya a ƙarfen riƙewa, wata mata ta jibge mata jaka a kan ƙafa, sai ga motar Injiniya, mutumin da za ta aura, a tsakiyar cunkoso, ba gaba ba baya. A kujerar gefensa kuwa 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, wadda kowa ke kira 'Yar Gayu, ta saukar da madubi tana gyara jan baki kamar motar ubanta.

Auta ta ciro waya ta kira shi.

"Kana ina?"

"Hanyar ofis, ruhina. Lafiya?"

"Kai kaɗai?"

Ya fara inda-inda, ta katse shi.

"Duba gefenka."

Ya duba. Bas ɗin ta bi layinta ta wuce su, 'Yar Gayu har da ɗago mata yatsu tana murmushi.

Rigimar ba ta yau ba ce. Auta nas ce a sashen masu ciwon ƙirji, amma tari a gida ta fara saninsa. Babanta ya ƙarar da ƙuruciyarsa a tsakiyar mahaɗar titi yana ba motoci hannu, ya bar aiki da huhun da ba ya kai shi ƙofar gida sai ya tsaya ya huta. Shi ya sa ta yi wa kanta alkawari ba za ta ƙara wa gari hayaƙi ba. Wuri kusa ta hau kekenta, mai nisa ta shiga bas.

Injiniya ya ɗauka wasa ne, har ranar da ya saya mata mota ta mayar masa da makulli. Mahaifiyarsa, Umma, ta ce ba a yi surukar da za ta riƙa lilo a bas tana zubar mata da mutunci ba: ko Auta ta karɓi motar, ko a bar maganar auren. Daga nan kuma 'Yar Gayu ta samu larurar da kullum sai an rage mata hanya.

Da ta dawo daga aiki, ko jakarta ba ta gama ajiyewa ba Mama ta tare ta.

"Ke dai Auta ba ki da tausayin kanki. Ke kaɗai za ki wanke iskar duniya?"

"Mama, don Allah..."

"Don Annabi. Ana ba ki kina ture hannu, wata na can ta miƙe ƙafa a mazauninki. Mota ɗaya me za ta ƙara, me za ta rage?"

"Haka kowa yake cewa, shi ya sa gadajenmu ba sa zama babu kowa."

"To ki auri gadajen."

Auta ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne tana son mutumin nan, so na gaske, irin wanda ko tana fushi in wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Da yamma Injiniya ya zo. Ta same shi a bakin ƙofa da fuskar ban haƙuri.

"Hasken idona, Umma ce ta ce in sauke ta, wallahi ba..."

"Yanzu ma Umma ce ta ce ka zo da ita?"

Ya waiga wajen motar, inda 'Yar Gayu ta kishingiɗa tana danna waya.

"Gida zan kai ta. Ki bar wannan. Ki karɓi makullin kawai, ko ba za ki hau ba, ki ajiye ta Umma ta gani. Mene ne a ciki?"

"In fara zaman aure da ƙarya?"

"Ki fara shi da haƙuri! Ni ne fa a tsakiya, Auta. Wannan aƙidar taki ta littafi ta fi ni ne?"

Ta buɗe baki ke nan ta ji tarin. Ba irin na kullum ba, wannan mai shaƙewa ne, yana fita da ƙyar yana komawa da fito. Sai a lokacin ta lura motar na kunne, kuma ya juya bayanta daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Baba, inda inuwa take.

"Kashe injin nan!"

"Zafi take ji, na bar mata esi ne..."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tarar da Baba ya zamo daga gado, ya dafe ƙirji, ɗakin duk warin hayaƙi. Ta rufe tagar, ta tallafo shi zaune, ta sa masa maganin shaƙa a baki.

"Ja a hankali, Baba... riƙe... yauwa, saki."

Da numfashin ya fara dawowa ta ɗago, ta ga Injiniya a bakin ƙofar ɗakin, makulli a hannu, ya kasa shigowa. Baba ya dube shi ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ba komai, ɗana. Na sha shi a wurin aiki... ban dai zaci zai biyo ni gida ba."

Auta ta raka shi waje, idonta a bushe.

"Ka ga littafin nawa," ta ce. "Ka gaya wa Umma na hutar da ita. A bar maganar."

"Auta..."

"Ka tura motarka gaba kafin ka tayar."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba ko kaɗan. Mama ta daina yi mata magana sai da ido. Tayar keke ta yi faci, bas ta yi ta latti, kuma ko sau ɗaya bai kira ba. Wai an ce mai gaskiya yana barci da daɗi, ita dai ba ta gani ba.

Wata safiya tana tsaye a tasha, bas ɗinta ta taho, sai ta ji an kira sunanta daga tsallaken titi. Injiniya ne, rigar ofis ta jiƙe da gumi, an taka masa takalmi har ya canza kala. Wayarta ta yi ƙara, shi ne, ta ɗaga.

"Me kake yi a can?"

"Ke nake jira. Tun shekaranjiya nake zuwa, in ban gan ki ba in hau bas in bi ki asibiti, sai ta kai ni wata unguwa daban."

"Ai gefen masu komawa kake tsayawa."

"To wa zai gaya mini? Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi. Motarka fa?"

"Tana gida. Taki kuma na mayar. Na gaya wa Umma abin da na gani a ɗakin nan, ta yi faɗa har ta gaji. Na ce ta yi haƙuri, ke zan aura, kuma ba zan sake roƙonki ki karɓa ba."

"Ta yarda?"

"Ba ta yarda ba tukuna. Ni dai na gama magana."

Direba ya danna mata oda, mutane na ture ta suna shiga. Auta, wadda ba ta taɓa makara a aiki ba, ta ja da baya ta bar bas ɗin ta tafi. Hawayen da ta hana fita ranar nan suka zubo, ba ta ko share ba.

"Tsaya a nan, masoyi," ta ce. "Kar ka sake shiga komai. Ga ni nan tsallakowa."