Walƙiya a Ƙarƙashin Gada

Aikinsa karanta mitar ruwa ne. Tun safe yake bin unguwanni da ƙafa, ya durƙusa a bakin wannan ƙofa, ya ɗaga murfi, ya duba, ya miƙe, ya nufi ta gaba. Kyamara kuwa ba ta cikin aikin, shi ya rataya wa kansa ita. Ba sayar da hotunan yake yi ba, ba kuma wanda ya taɓa roƙonsa su. Yana dai son ya kama mai gyaran takalmi yana gyangyaɗi a kan akwatinsa, ko 'yan dako sun jingina da bango suna jiran mota, ko mace ta tsaya a tsakiyar titi ta manta abin da ta fito saye. A benen da suke haya kowa Mai Kyamara yake ce masa. Matarsa, wadda ke yini a kan keken ɗinki, ta daɗe da daina magana. Takan ce mutum ya yini yana yawo don a biya shi, ya kuma ƙara wani yawon kyauta, ai sai dai addu'a.

Wata ranar aiki ya taso a makare. Rana ta riga ta faɗi, motoci sun cushe, hayaƙi ya kwanta a kan titi. A ƙarƙashin gadar sama ya hangi wata tsohuwa tana tattara lemon da take sayarwa, ita kaɗai a gindin ginshiƙi, kusa da tarin tsakuwar da ma'aikata suka bari. Wurin ya yi duhu. Bai saba kunna walƙiyar kyamara ba, yakan ce tana kashe fuska, amma ya gaji, ba shi da ƙarfin jiran wani haske. Ya kunna, ya danna. Da ya duba, tsohuwar ta riga ta gusa. Ginshiƙi kawai ya fito, da tsakuwa, da wani ɗan dishi-dishi a ƙasa kamar an shafa yatsa a gilashi. Ya yi tsaki ya wuce.

Da ya isa gida, yana cire takalmi a falo dutse na farko ya bugi taga.

Su a hawa na uku suke. Matar ta leƙa ƙasa, ba kowa sai mai gadi yana alwala. Auta, 'yarsu da ta rage a gabansu tun da yayyenta suka kama gabansu, tana kan tebur tana aikin makaranta. Ta ɗaga kai ta ce, "Baba, ɗan waye yake kuka a ɗakin hotunanka?"

Ɗakin ajiya ne, ƙarami, babu taga. Ya buɗe. Kwalaye ne kawai da igiyar da yake shanya hotuna. Suka tsaya su uku suna saurare, ba su ji komai ba sai ɗigar famfo. Da ya rufe ƙofar, sai ga tsakuwa ta faɗo daga silin ta gangara har gaban ƙafarsa. Ya ɗauka. Da ɗuminta, kamar yanzu aka sake ta daga hannu.

Daga ranar gidan bai sake samun magariba mai daɗi ba. Da zarar haske ya fara janyewa daga labule sai jifa ta fara, ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya, irin jifar wanda hannunsa ya gaji amma ya ƙi dainawa. Tana faɗa wa tukunya, tana faɗa wa keken ɗinki. Kukan jariri yana tashi daga ɗakin ajiya, siriri, ya yanke, ya dawo, wani lokaci kuma a ji muryar mace ƙasa-ƙasa tana rarrashi. Kowace safiya matar takan share tsakuwa ta zuba a bokiti. Maƙwabta suka rage shigowa. Masu kawo ɗinki suka koma aiko da saƙo.

Sannan abin ya koma kan Auta. Ta fara da cewa fitila na sukar idonta. Aka kashe ta ɗakinta, aka rufe taga da bargo. Bayan 'yan kwanaki ta daina buɗe idon gaba ɗaya. Takan zauna a ƙuryar gado, ta naɗe hannuwa kamar mai riƙe da jariri, tana jijjigawa, tana wani guna-guni da ba muryarta ba. Likita ya haska, ya duba, ya ce ido lafiya lau, ya rubuta maganin barci. Maganin bai sa ta barci ba. Uwar ma ba ta yi, uban ma haka. Da rana yakan durƙusa gaban mita ya daɗe yana kallon lambobi bai gane su ba. Kyamarar tana rataye a ƙusa, bai ko kalle ta.

Mai gadi ne ya yi musu kwatancen wani malami, tsohon mai koyarwa da ya san sha'anin nan. Ya iso da la'asar sakaliya a motar haya, dattijo siriri mai tari, ya hau benen yana hutawa a kowane hawa. Bai zo da komai ba sai carbi. Ya nemi ruwa a kwano da kujera mai jingina. Ya ce a bar ƙofar ɗakin a buɗe, kada kowa ya yi ihu, kome ya ji.

Ya fara karatu a hankali. Hasken waje yana raguwa, ɗakin yana ƙara yin shiru, har ƙarar motoci ta zama kamar daga wani gari take zuwa. Tsakuwa ɗaya ta faɗo cikin kwanon. Malam bai tsaya ba, ya ɗan ɗaga murya. Auta ta daina jijjiga. Bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta babbar mace, a dishe.

"Malam, ka rage murya. Yanzu na samu ya yi barci."

Uwar ta dafe bango. Malam ya sassauta, ya ce, "Wa ya yi barci?"

"Ɗana."

"Ke wace ce, kuma me ya kawo ki gidan mutane?"

"A gindin gada muke. Da a fili muke, kuka gina. Muka koma bakin kwata, kuka rufe. Nan ɗin ma ban ce komai ba, da ƙara da hayaƙi muke kwana. Na kwantar da shi a kan tsakuwa, na juya ke nan, mutumin nan ya watsa masa wuta a ido. Tun ranar bai buɗe ba. Kuka yake, ni ban runtsa ba. Na ce to, su ma kada su runtsa."

Mai Kyamara ya zauna a ƙasa. "Wallahi ban gan shi ba," in ji shi.

"Ka taɓa tambaya kafin ka ɗauka? Ko waɗanda kake gani ɗin?" in ji muryar.



Malam ya ce, "Me kike so?"

"Ido. Na yarinyar nan ya ishe ni."

"Ki ɗauki nawa!" in ji uban.

"Yi shiru," in ji Malam, bai ko juya ba. "Ba a yi musu tayi." Ya koma ga muryar. "Shi bai gan ki ba, kuskure ya yi. Ke kuwa kina ganin yarinyar nan, kin san ba ta yi miki komai ba. Wanne ya fi nauyi a wurin Wanda ya halicce mu da ku? In kin ƙi, zan ci gaba da karatu, kin kuma san abin da zai yi miki. Ga ki da goyo. Ni ma tsoho ne, ba na son mu kai can."

Hannuwan Auta suka ƙara ƙanƙame abin da ba a gani.

"To a fasa ƙarfen nan nasa."

"In an fasa, idon ɗanki zai buɗe?"

"A'a."

Sai uwar Auta ta matso bakin gado. Ta ce, "Baiwar Allah, kin sa masa wani abu a idon?"

"Me zan sa? Ba mu san irin wannan wutar ba."

"Ki jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi ki ɗora masa, ki riƙa sauyawa. Kada ki bari ya murza. Wannan da kike zaune a jikinta ta yi ciwon ido tana jaririya, ni kaɗai na yi ta fama. Na san yadda bayanki yake ji yanzu."

Fuskar Auta ta juyo wajen uwarta, ido a rufe. Wani dogon numfashi ya fito, irin na wanda ya sauke kaya.

Daga nan ciniki bai yi wuya ba. Malam ya ce zai yi addu'a a ruwan kwanon, uban ya kai da hannunsa ya zuba a gindin ginshiƙin, ta wanke wa ɗanta ido, waraka kuwa ta Allah ce. Hoton za a goge. Mai Kyamara ba zai sake kunna walƙiya ba, ba zai sake ɗaukar hoto bayan faɗuwar rana ba. Ita kuma ta rantse da Wanda ya halicce ta ba za ta dawo ba, ba za ta aiko ba.

"Na rantse," in ji muryar. "Dama na gaji da hawa benen nan."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a kan filo. Can ta buɗe ido, jajaye, ta ce, "Mama, me ya sa kuke zaune a duhu?"

A daren nan ya sauka da kwanon a hannu biyu, ya bi gefen titi a hankali don kada ya zube. Masu jiran mota suna kallonsa ya durƙusa gindin ginshiƙi ya tsiyaye ruwan a kan tsakuwa. Ya ce, "Ki yi haƙuri." Da ya koma gida ya tarar da su biyun sun yi barci a falo, ko mayafi ba su ja ba.

Ya yi watanni bai taɓa kyamarar ba. Auta ce, bayan ta koma makaranta, ta sauko da ita daga ƙusa ta goge ta rataya masa a wuya. Yanzu da hantsi yake ɗauka, kuma hotunan sun ragu, don sai ya gaisa ya nemi izini, mutane da yawa kuma sukan ce a'a. Abokan aikinsa sun ce har abin ya yi yawa. Sun sha ganinsa a gaban kangon da babu kowa, ko a bakin lungu, ya yi sallama, ya tsaya yana saurare. Wani lokaci ya ɗauka. Wani lokaci kuma ya sauke kyamarar a hankali, ya taka a hankali, ya tafi duba mita ta gaba.