Gidan Da Dogo Bai Gina Ba

Fankar laftop ɗin Dogo tana ta gurnani kamar za ta tashi sama lokacin da Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta turo ƙofar ɗakin ko sallama babu. Ɗakin da ma ba wani ɗaki ba ne: katifa a ƙasa, tebur mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗu, sai takardun zane da aka nannaɗe aka jingine a kusurwa tun ranar da ya gama karatun zanen gine-gine. Shekara ta zagayo, aiki shiru. Duk ofishin da ya je sai a ce masa, "Ina samfurin aikinka?" Shi ya sa ya duƙufa yana ƙera gidaje a kwamfuta, yana sa musu fenti da inuwa da hasken rana har su fito tamkar an ɗauke su da kyamara. 'Yan sana'ar suna kiran abin renda.

"Kai Injiniya, har yanzu gem ɗin ake bugawa?"

"Gwaggo, ba gem ba ne. Kuma ni ba injiniya ba ne, akitek ne."

"Duk ɗaya ne a wurina, tunda ko sabulu ban taɓa gani daga ɗayansu ba."

Ta leƙo ta kan kafaɗarsa, sai ta ƙura wa allon ido. Wani farin bene ne a kan allon, da baranda mai faɗi, da tagogin gilashi da rana ke ƙyalli a jikinsu. A gefe ga wata tsohuwar bishiyar mangwaro, a baya ga tankin ruwa mai tsatsa.

"Ikon Allah! Wannan ba tankin bayan garejin makanikai ba ne? Yaushe aka yi gini a can?"

Dogo ya yi dariya, ransa fes. Ya yi mata bayani cewa filin yana nan yadda ta san shi. Hotonsa ya je ya ɗauko, ya ɗora zanen gidan a kai, ya daidaita inuwar ginin da ta mangwaron, saboda irin wannan ne masu ɗaukar aiki suke so su ga mutum ya iya.

"Turo min a waya," in ji ta.

Ya tura mata da saurinsa. Tunda ya fara wannan aiki, yau ne wani a gidan ya fara kallonsa da daraja.

Akwai yarinyar da Dogo yake nema, Auta, wadda ke karatun aikin jinya. Sun daɗe suna son juna. Abbanta, tsohon malamin makaranta, bai ƙi ba. Ummanta ce ta kafe. "Yaron da ke wuni a ɗaki yana danna kwamfuta? Ina zai ajiye min 'ya, a cikin akwatin?" Idan ya zo gaishe ta, a daƙile take amsawa, fuska a ɗaure, ido a kan talabijin.

Ranar da ya koma gidan kuwa, tun daga ƙofa ya ga sauyi. Umma da kanta ta ɗaga labule.

"A'a, ɗana ne? Shigo mana! Tashi daga ƙasan nan, hau kujera. Auta, kawo masa lemo mai sanyi!"

Dogo ya ɗosana a bakin kujera, yana mamaki. Sai ta ciro waya ta juyo masa da ita. Gidansa ne. Wato gidan da ke cikin kwamfutarsa.

"Gwaggonka ta turo min. Ashe gini kake a ɓoye, kana barin mu muna ta surutu! Kai, masu shiru-shirun nan sai a bar su. Ka yafe min, na yi maka mummunar fahimta."

Gumi ya keto masa a goshi. Maganar tana kan harshensa, guda ce kuma gajeriya: Umma, zane ne. Amma matar da ba ta taɓa yi masa murmushi ba yau tana ce masa ɗana, tana tura masa kofi da hannunta. Ya sunkuyar da kai.

"Ai... da sauran aiki, Umma."

"Kowane gini da sauran aiki! Allah ya yi albarka."

Ya shanye lemon, ya yi mata sallama.

Auta ta rako shi bakin get. Ba ta ko kalle shi ba sai da suka yi nesa da taga.

"Da sauran aiki? Abin da ka ce ke nan?"

"Wallahi ba ni na tura ba, Gwaggo ce—"

"Na sani. Amma Gwaggo ba ta falon nan ɗazu, kai ne a ciki." Idonta ya ciko. "Ni na taɓa tambayar ka gida? Tun kana zana min ɗakuna a bayan takardar jarrabawa nake son ka. Ka koma ka faɗa mata, don Allah. Ni ba zan tona maka asiri ba, amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba."

"Gobe zan dawo, na yi miki alkawari."

Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Ya samu Gwaggo da maganar, ita ko a jikinta.

"Yo ba kai ka zana ba? Ba za ka gina wata rana ba? Ni labarin kawai na gaggauta. Mutum ya yi maka gyara ka zo kana masa tsiya!"

Kafin mako ya ƙare hoton ya shiga guruf ɗin dangin su Auta. Masu sa albarka suna sawa, masu tambayar ɗakuna nawa ne suna tambaya, wata ma har ta kama ɗakin da za ta riƙa sauka. Dogo ya daina bi ta layinsu. Ko laftop ɗin ya buɗe ya ga farin benen sai ya ji kamar an kama shi da kayan sata, ya rufe. Kunya ta hana shi faɗa, kuma kullum ya ƙara kwana bai faɗa ba sai kunyar ta ƙara nauyi.

Abin da ya manta shi ne, yadda Gwaggo ta gane tankin nan, haka kowa zai gane shi. Umma kuwa telarta a wannan layin take.

Wata safiya Umma ta ci ado, ta kira manyan ƙawayenta biyu, ta jefa tef ɗin awo a jaka. So take ta auna tagogi ta ɗinka labule ta ba yaran mamaki, ta kuma nuna wa ƙawayen nan, waɗanda suka daɗe suna yi mata gorin surukansu, cewa ita ma Allah bai manta da ita ba. Tasi ta sauke su a bakin gareji. Ga mangwaro. Ga tanki. A tsakaninsu kuwa ciyawa ce, da tsofaffin tayoyi, da awaki suna kiwo hankali kwance.

Umma ta duba waya, ta duba fili, ta sake duba waya.

"Malam," ta ce da wani makanike da ke kwance a ƙarƙashin mota, "ina farin benen da ke nan?"

Ya turo kai waje. "Bene? Hajiya, tun ina yaro awakin nan ne masu gida."

Wayar Dogo ta yi ƙara. Muryar Umma ce, a sanyaye. "Zo ka same ni a gidanka."

Bai san yadda ƙafafunsa suka kai shi ba. Ya tarar da ita a tsaye cikin ciyawa, ƙaiƙayi ya manne a bakin zaninta mai tsada, ƙawayen sun koma inuwar mangwaro suna rufe baki da mayafi, makanikai sun ajiye sifana suna kallo. Ya durƙusa a gabanta.

"Tashi mana," in ji ta. "Ka faɗa min, nan da nake tsaye, falo ne ko kicin? Kada in taka maka kafet."

"Umma, ku yi haƙuri... zane ne."

"Zane!" Sai hawaye suka zubo mata. "Na kira ka ɗana. Na ba ka haƙuri a gidana, ni da girmana, kana zaune kana kallo na. Na kwaso mutane na kawo su su ga awaki! Me na yi maka da zafi haka?"

Da ihu ta yi, da zagi ta yi, da ya fi masa sauƙi. Kukan nan shi ya gama da shi. Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ta juya ta tafi, ta bar masa magana ɗaya: kada ya sake taka mata ƙofar gida.

Da yamma Auta ta kira shi, muryarta ta dishe don kuka. "Umma ta ce an gama. Ta ce gara min zama haka da auren maƙaryaci. Kuma ka san abin da ya fi ci min rai? Na rasa bakin da zan kare ka." Ta kashe wayar.

Inna, mahaifiyarsa, da labari ya iske ta, ta zauna a bakin katifarsa ta yi tagumi. "Talauci ba abin kunya ba ne, Babana. Da shi na raine ka, ban taɓa sunkuyar da kai ba sai yau." Gwaggo kuwa ta tuna tana da wata 'yar uwa marar lafiya a nesa, ta haɗa kaya.

Sai da ya yi kwanaki a ɗaki kafin ya iya wanke fuska ya nufi wurin Abba. Ya same shi a ƙofar gida yana karanta jarida. Ya durƙusa ya faɗi komai, bai ɓoye nasa laifin a bayan Gwaggo ba.

Abba ya naɗe jaridar. "Ni a haya na auri uwarta, ɗaki ɗaya, rufin ma yana yoyo. Ban taɓa tambayar ka gida ba. Amma ka bar matata ta zama abin dariya a gaban ƙawayenta, alhali kalma ɗaya za ta hana. Ba ni za ka ba haƙuri ba. A gaban mutane ka kunyata ta, a gaban mutane za ka wanke ta."

Haka Dogo ya rataya laftop ya bi gidajen ƙawayen nan ɗaya bayan ɗaya. A kowane falo sai ya buɗe, ya nuna filin, ya nuna yadda ake ɗora gini a kai, ya ce, "Umma ba ta yi muku ƙarya ba. Ni na yaudare ta." Ta farko ta yi masa wankin babban bargo. Ta biyu dariya ta yi har da riƙe ciki, ta kira 'ya'yanta su zo su ga mai gidan iska. Sunan ya bi shi unguwa. Ya haɗiye.

A cikin wannan hali aka kira shi intabiyu a wani ƙaramin ofishin zane da ke saman wani shagon fenti. Shugabar wurin, wata mata mai gilashi, ta daɗe tana kallon farin benen.

"An gina wannan?"

"A'a, ranki ya daɗe. Zane ne. Filin ma ba nawa ba ne." Ya faɗa da sauri har ta ɗago ta dube shi.

"Da yawa in na tambaye su sai su fara kame-kame. Inuwarka ta yi kyau. Matakalarka kuwa ko akuya ba za ta iya hawa ba, amma wannan za mu koya maka. Ka fara ranar Litinin."

Albashin kaɗan ne, aikin kuwa kamar me. Ya koyi zuwa wurin gini, ya koyi jayayya da magina, ya koyi cewa bangon da ya yi kyau a hoto sai an san abin da zai ɗauke shi. A ƙasan duk hoton da ya fitar yana rubuta cewa zane ne, ba a gina ba tukuna. Duk ƙarshen mako kuma yana zuwa ƙofar su Auta ya gaida Abba, ya aika gaisuwa ciki, ba a amsawa. Auta ma ta sha nata: masu neman ta sun zo, ciki har da mai bene na gaske, ta ce ita dai a yi mata haƙuri. Ba ta yi wa Umma rashin kunya ba, ba ta kuma fasa ba.

Watanni suka shuɗe kafin ya iya kama hayar ɗaki biyu a bayan wata makarantar firamare. Ya sanar da Abba. Washegari saƙo ya fito daga cikin gida: Umma ta ce ba ta son hoto, da ƙafarta za ta je.

Ta zo ita kaɗai, ba ado. Dogo ya buɗe mata ƙofa. Falon ƙarami ne, fentin ya koɗe, tagar tana kallon bangon maƙwabta.

"Umma, famfon kicin yana ɗiga," ya ce, kansa a ƙasa. "Kuma in an tashi daga makaranta akwai hayaniya. Gara in faɗa muku tun yanzu."

Ta zagaya ɗakunan a hankali, ta leƙa kicin, ta dawo tsakiyar falo. Sai ta miƙa hannu ta dafa bango, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta sake ƙwanƙwasawa.

"To," in ji ta, "wannan dai akwai shi." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ka gyara famfon kafin 'yata ta shigo, ka ji ko, ɗana?"

Dogo ya durƙusa a kan simintin, sai hawaye.

A nan aka kawo Auta, a nan suka fara rayuwa, da hayaniyar 'yan makaranta da komai. Ku samari masu tasowa, ku riƙe wannan: ba sai ka buɗe baki kake yin ƙarya ba, shirun da ka yi don a ci gaba da yabon ka shi ma ƙarya ne. Kunyar faɗin gaskiya ta ɗan lokaci ce, wadda ka ƙi faɗa kuwa har iyayen wasu take jawo wa kuka. Wanda ya daure ya nuna ɗan abin da yake da shi, ya yi haƙuri a kansa, ba zai rasa mai shiga ta zauna tare da shi ba.