Hannuna Ya Riga Ni

"Idan kika taɓa sukurudireba yau, babu ni babu ke!"

Goggo ce ke ja min kunne, tana gyara min mayafi. Mahaifiyar Malam, masoyina mai koyar da Turanci, tana falo ta zo ganina.

Ni kuwa matsalata ɗaya: ba na iya ganin abu ya lalace in ƙyale shi. Goggo ta rantse babu uwar da za ta karɓi suruka mai baƙin mai a farce.

Jiya da na kai wa Malam kukana a waya, dariya ya yi.

"Zuciyata, Turawa suna ce wa wannan propensity."

"Me ke nan kuma?"

"Karkatar da aka haifi mutum da ita. Hannunki ya tafi kafin ki yi shawara. An fi faɗarta a kan halin da ake kuka da shi... amma ni naki nake so!"

Na shiga falo na gaishe ta, kaina a ƙasa.

Sai ga 'yar Goggo, wadda ta daɗe da sa wa Malam ido, ta jawo tsohuwar fankarmu da ta san ta lalace.

"Ga iska, Mama," ta ce, tana min murmushin mugunta.

Ƙyar... ƙyar... fanka ta tsaya cak!

Mahaifiyar Malam, baiwar Allah, sai zufa take sharcewa. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Wallahi na yi ƙoƙari!

Ban san lokacin da na durƙusa gaban fankar ba. Na zare fil ɗin mayafina na kwance murfin, na share datti, na ɗiga man keken ɗinkin Goggo.

Fuuu! Iska ta cika falon.

Sai a lokacin na ga yatsuna baƙi ƙirin. Goggo ta dafe kai. Shi ke nan, na rasa shi!

"Zo nan, 'yata," in ji mahaifiyar Malam.

Na matsa kusa da ita. Ta kama hannuna ta kai hancinta, ta lumshe ido.

"Babansa makaniki ne," ta ce. "Tun da ya rasu ban sake jin ƙanshin nan a hannun kowa ba."

Hawayenta ya ɗigo a tafina.

Ta juya ga Goggo, ba ta sake ni ba.

"Ku faɗa mana yaushe za mu zo ɗaukar ta. Gidana ya yi shiru da yawa."